Kafaɗar Barau a Tagar Rumfa

Tun da na dawo gida nake jin nauyin ɗauko maganar sabon hoton da masana suke ta gyarawa a can inda na yi karatu. Hoton ƙashi da muka sani inuwa yake ɗauka. Haske ya ratsa jiki, ƙashi ya tare shi, sai ƙashin ya fito fari tas. Tsoka da jijiya da guringuntsi ba sa tare hasken sosai, shi ya sa suke fitowa dishi-dishi kamar babu su. Sabon salon bai tsaya a kan abin da aka tare ba, yana auna 'yar karkacewar da hasken yake yi idan ya bi ta cikin nama. Da haka aka fara ganin guringuntsi, da ƙananan jakunkunan iska na huhu, da ƙari a cikin nono, a fili fiye da da. Sai dai yawancin aikin har yanzu a ɗakunan bincike yake. Ni kuwa nakan ce a raina, me ya haɗa mutumin Karaye da wannan, mu da wutar kunna tsohuwar na'urar hoton ƙashi ma sai an zauna jiranta? Shakkar nan ba ta rabu da ni ba har yau. Amma ta ragu tun da na san labarin Barau mai mazarƙwaila.

Barau mutumin Tudun Kaya ne. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, sai ƙanwar mahaifin, Goggo Ruƙayyatu, ta ɗauke shi ta haɗa da ɗanta Muntaka. Kwanonsu ɗaya, tabarmarsu ɗaya. Ɗan mace da ɗan namiji ne, wato taubasai, kuma sun riƙe wasan taubasantaka hannu bibbiyu. Kowanne yana kiran ɗayan bawansa. Muntaka zai tsaya a tsakiyar jama'a ya ce kan Barau kamar tulu, Barau ya ce ai gara tulu, ana zuba masa wani abu ya riƙe. A yi dariya a watse. Dokar wasan ɗaya ce, kowa ya san ta: duk abin da taubashinka ya faɗa maka, ba ka da ikon yin fushi. Wanda ya ɓata rai shi ya faɗi.

Goggo tana da fadamar rake da ta gada, da rumfar da ake dafa mazarƙwaila a bakin fadamar. A rumfar akwai injin matse rake, da manyan kasake a kan murhu, da wani ɗan ɗaki na ƙasa inda ake jera mazarƙwaila ta huce. Da yaran suka kawo ƙarfi, sai ta danƙa wa Barau rumfar, ta ba Muntaka kai kaya kasuwannin Karaye da Rogo. Mutane sun ɗan yi gunaguni, wai ta tsallake ɗan cikinta. Goggo ta ce ita hannu ta duba. Barau ne yake iya tsayawa a kan kasko tun ruwan rake yana kore har ya yi ja ya yi kauri, yana kwashe kumfa, yana tuƙawa da doguwar muciya ba tare da ya bari ya kama ba. Shi ma Muntaka dariya ya yi a lokacin, ya ce, "To da wa za a ba? Bawa ai shi ne da aiki."

Wata safiya a tsakiyar kakar rake injin ya ƙi tashi. Barau ya kama ƙarfen da ake murɗawa ya juya da iyakar ƙarfinsa. Injin ya yi tari sau ɗaya ya mayar da ƙarfen baya, ya fizge masa hannun dama. Barau ya ji wani abu ya tsinke a cikin kafaɗarsa, yadda igiyar guga take tsinkewa a tsakiyar rijiya. Ya durƙusa a kan ɓawon rake, gumi yana keto masa. Muntaka ne ya tallafe shi ya ɗora a babur, ya ce masa ya riƙe shi da hagu, suka nufi asibiti.

Mai ɗaukar hoto a asibitin wani dattijo ne, Malam Ɗanmaliki. Ya tsayar da Barau a jikin na'ura, ya ɗauka, ya kai wa likita. Da ya dawo sai ya yafito Muntaka. A wajenmu ba a cika gaya wa majinyaci magana kai tsaye ba, ɗan rakiya ake ja gefe a yi wa bayani, shi kuma ya san yadda zai isar. Barau yana zaune a benci yana hango su ta ƙofa. Ya ga Malam Ɗanmaliki yana ta magana, yana dafa tasa kafaɗar, yana nuna gabas da hannu. Ya ga Muntaka yana gyaɗa kai.

Muntaka ya dawo da hoton a cikin babbar ambulan yana murmushi.

"Tashi mu tafi, bawana. Ƙashinka ya fi nawa kyau. Babu karaya, babu gocewa."

"To duk doguwar maganar nan fa?"

"Gaisuwa ce. Ashe ya san surukina na Fulatan."

A gida aka fito da hoton tsakar gida, Muntaka ya ɗaga shi ya saita da rana. Goggo ta kare ido da tafin hannu ta duba. Ga ƙashin kafaɗa nan fari sumul, ga haƙarƙari a jere, babu ko tsaga. Ta yi hamdala, ta sa aka dama wa Barau kunu. Maɗorin unguwa ma ya zo ya lalube, ya ce shi bai ji abin ɗori ba, targaɗe ne, zai sake.

Zafin ya ragu, amma hannun bai dawo ba. Barau yana iya riƙe abu, yana iya kai loma baki idan ya sunkuyar da kai, amma da zarar ya ce zai ɗaga hannun ya wuce ƙirji sai ya faɗo kamar ba nasa ba. Ya koma kan kasko duk da haka. Muciya ta riƙa kufce masa. Ranar da kasko guda ya kama ya ƙone a gabansa, warin ya cika fadama, ma'aikatan rumfar suka tsaya suna kallonsa.

Muntaka ne ya fara magana. "Ku ƙyale shi. Hannun nan yana da wayo. Ya san hanyar tuwo, hanyar muciya ce ta ɓace masa."

Aka fashe da dariya. Barau ma ya yi, don ba shi da wata hanya. Ya nemi abin da zai rama da shi, bai samu ba.

Daga nan wasan ya samu gindin zama. Ɗakin da ake jera mazarƙwaila yana da 'yar taga da ƙudan zuma suke shiga ta nan su addabi mutane. Wata rana Barau ya zo ya tarar Muntaka ya ɗauko hoton daga ɗakin Goggo ya buga shi da ƙusa ya toshe tagar. Idan rana ta ɗago, sai kafaɗar Barau ta haskaka a jikin bango, fara sol, kowa yana gani.

"Na samar mata aiki," in ji Muntaka. "Tunda mai ita ya ƙi yi, ita ta riƙa korar zuma. Kuma duk wanda aka ce masa bawana ba shi da lafiya, ya ɗaga kai ya duba."

Masu kawo rake daga Daura ta Karaye, da direbobin da suke zuwa lodi, kowa sai an nuna masa. Wasu su ce, "Kai, wannan ai ƙashin saurayi ne." Da wani bare ne ya yi masa haka, da Barau ya kai ƙara wajen mai unguwa. Amma taubashi ne. Idan ya nuna ɓacin rai, za a ce ga rashin aiki ga rashin sanin wasa.

Kafin kakar ta ƙare Goggo ta aika a kira shi. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta, kansa a ƙasa.

"Barau, ni na goye ka. Ban taɓa jin ka yi mini ƙarya ba."

"Haka ne, Goggo."

"To in ka gaji da wuta ka ce ka gaji. Wuta tana gajiyar da mutum, babanka ma ya gaji da ita. Amma ka ce ciwo, alhali na gani da idona babu komai, wannan ne ya tsaya mini a rai."

Ita ta ga hoto. Shi kuwa abin da yake da shi kawai shi ne abin da yake ji. Ta ce daga yau Muntaka zai riƙe rumfar, shi kuma idan zuciyarsa ta dawo kan aiki ƙofa a buɗe take. Ya ce ya gode, ya tashi.

Rasa rumfar bai ci masa rai kamar kalmar ƙaryar nan ba. Abin da ya fi muni, shi kansa ya fara zargin kansa. Yakan shiga bayan gida inda ba kowa, ya ce wa hannun, to yanzu ba mai kallo, tashi. Hannun ya ƙi. Ya sha rubutu, ya yi turare, ya je wajen wani malami a Rogo ko sammu ne. Wani lokaci ya zauna yana tunanin ko dai haka lalaci yake shiga mutum, ta gaɓa ɗaya, ba tare da ya sani ba.

Matarsa Sadiƙa ce kaɗai ba ta taɓa yin shakka ba, don ita take taya shi sa riga da safe. Ta farke masa gefen rigunansa na dama ta sa maɓalli. Ita ce ta lura idan zai tayar da salla hannun hagu ne kaɗai yake kaiwa kunne, na dama a ƙirji yake tsayawa.

"Malam," ta ce masa, "mutum zai iya yi wa Muntaka ƙarya, ya yi wa Goggo. Amma a kabbarar salla wa za ka yi wa? Ka daina wahalar da kanka."

Ya koma kasuwar Karaye ya kafa tebur, yana sarin mazarƙwaila daga rumfunan Rogo yana sayarwa. Ta rumfar Goggo bai taɓa ɗorawa a teburinsa ba, kuma ba wanda ya tambaye shi dalili. Shekaru suka tafi. Kafaɗar dama ta zube, ta yi rami a baya, har riga tana zamewa ta wannan gefen. Da yake ba ya iya miƙa hannun ya tsallake tebur, da hagu yake ba mutane kaya, kuma kowane ciniki sai ya ce, "A yi haƙuri da hagu." Har wasu suka mayar da shi sunansa.

Wata ranar kasuwa wani dattijo mai farin gemu ya tsaya ya sayi ƙulli biyu. Barau ya miƙa masa, ya ba da haƙurin da ya saba. Dattijon bai karɓa nan take ba. Ya dubi kafaɗar, ya dubi fuskar.

"Kai ba kai ne na Tudun Kaya da inji ya fizga ba?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ni ne Ɗanmaliki, na asibiti. Na yi ritaya yanzu. Me suka ce maka a Kano?"

"Kano?"

"Hoton sikanin da likita ya ce a je a yi. Ai na yi wa ɗan'uwanka bayani dalla-dalla. Na ce masa ƙashi lafiya, amma likita yana zargin jijiyar da take ɗaga hannu ce ta yage, kuma na'urarmu ba ta ganin jijiya. Na ce a kai ka Kano kada a ɓata lokaci, don idan aka yi da wuri ana iya ɗinke ta. Har na maimaita masa."

Barau ya tsaya da ƙullin mazarƙwaila a hannu. Hayaniyar kasuwa ta yi masa nisa. Abin da ya dawo masa shi ne hannun dattijon nan yana nuna gabas, da kan Muntaka yana gyaɗawa.

"Ka san wani surukinsa a Fulatan?" ya tambaya.

"Ni ban san kowa a Fulatan ba."

"To yanzu fa, in an je?"

Malam Ɗanmaliki ya sake duban kafaɗar. "Idan abin ya daɗe haka, tsokar takan janye ta ƙanƙance. Likita ne zai faɗa, ba ni ba. Amma ba zan sa maka rai ba."

Washegari da hantsi Barau ya tafi fadama. Rabonsa da rumfar tun ranar da Goggo ta kira shi. An sake injin, an ƙara kasake, amma hoton yana nan a tagar. Ya yi rawaya, gefensa ya nannaɗe, ƙudan zuma suna ta karo da shi. Muntaka yana zaune a kan buhu, ya yi ƙiba, yana ba ma'aikata umarni.

"A'a, bawana ya tuna gidan ubangijinsa. Ku ba shi muciya mu gani ko hannun ya huce."

"Malam Muntaka, ina kwana," in ji Barau.

Tun da suka tashi bai taɓa kiransa haka ba. Ma'aikatan suka daina dariyar da suka fara. Muntaka ya dube shi, sannan ya ce musu su je su kwaso raken da aka sara.

"Jiya na ga Ɗanmaliki," in ji Barau. "Ya ce bai san kowa a Fulatan ba."

Muntaka ya ɗauki wani guntun rake yana juya shi a hannu.

"Kaka ta kama a lokacin," ya ce daga baya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Rake yana zube yana bushewa. In na kai ka Kano, wa zai tsaya a nan? Na ce bari mu gama tukuna in faɗa maka. Kafin mu gama Inna ta ba ni rumfa. To ta ina zan fara?"

"Ka iya fara wasan ai."

"Wasa ne, Barau. Kai ma ka san wasa ne."

"Na sani. Shi ya sa na yi dariya."

Muntaka ya jefar da raken. "Za ka gaya wa Inna?"

Muntaka ya miƙe ya nufi tagar, ya sa yatsa zai ɓanɓaro hoton daga ƙusa, wai ya ba shi abinsa.

"Bar shi," in ji Barau. "Zuma za ta shiga."

A lokacin Goggo ta tsufa ƙwarai, idanunta sun rufe gaba ɗaya. A gidan Muntaka take. Shi yake ba ta magani, shi yake gaya mata wanda ya shigo da wanda ya fita, da ko hadari ya haɗu. Barau bai fasa zuwa gaishe ta duk Juma'a ba. Juma'ar da ta biyo baya ya tafi da niyyar ya faɗa mata. Ya tarar da Muntaka a zaune a gefen gadonta yana fifita mata koko. Goggo ta laluba ta kamo hannun Barau, na daman, ta riƙe.

"Barau ne? Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi, Goggo."

"Kullum ina sa ka a addu'a. Allah ya yaye maka kasalar nan, ka dawo yadda na san ka."

Ya dubi Muntaka. Muntaka yana kallon kokon. Barau ya ce amin, ya ƙara ɗan zama, ya yi sallama.

Ni a kasuwa na san shi, a matsayin mai ciniki, kuma a bakin teburinsa ya ba ni labarin nan kaɗan-kaɗan, Sadiƙa ta cike mini wasu wuraren. Wata rana na nuna masa irin sabon hoton a wayata: gaɓa ce, ga ƙashi, ga guringuntsi ya fito da iyakarsa, ga zaren jijiya kwance kamar saƙa. Ya tambaye ni yadda haske ɗaya zai ga abin da da bai gani ba. Na ce ya tuna iskar da take saman kasko idan wuta ta yi ƙarfi. Iska ba ta da launi, ba ta tare komai, amma ana ganinta tana rawa, domin tana karkatar da hasken da ya bi ta cikinta. Na ce to wannan karkacewar ce masana suka koyi aunawa, wasu da manyan na'urori masu girman unguwa, wasu da faranti mai siraran layuka da ido ba ya gani, don a samu a shigar da abin asibiti wata rana.

Ya karɓi wayar da hagu ya kawo ta kusa da fuska. Ya daɗe yana kallo.

"Gaɓar waye?"

Na ce ba a faɗa ba, ta gwaji ce.

"Ko waye dai, an yarda da shi," in ji Barau.

Na gaya masa gaskiya, cewa wannan bai iso asibitocinmu ba, ban kuma san ranar isowarsa ba, amma sikanin da ake yi a Kano ko yau zai iya nuna yagewar tasa. Ya ce ya sani, Ɗanmaliki ya faɗa masa. Ya miƙo mini wayar, ya gyara jerin mazarƙwailar da ke gabansa, ya kori wani ƙudan zuma.

Sai na tambaye shi: da a ce na'urar nan za ta zo Karaye gobe, ta fito da jijiyarsa a yage ƙuru-ƙuru yadda ba mai musu, zai kai wa Goggo hoton?

Ya ce, "Goggo ba ta gani yanzu. Ko na kai mata, sai wani ya duba ya gaya mata abin da ke ciki. Kuma Muntaka ne yake zaune kusa da ita."